Ƙaryar da Hotuna Biyu Suke Yi wa Rekha

Makon jiya wata 'yar uwata ta turo ɗan gajeren bidiyo a zauren danginmu na WhatsApp. Hotuna ne na jarumar Indiya Rekha aka jera bi da bi. Na farko yarinya ce mai duhun fata da kumatu, an cika mata fuska da hoda, an ɗora mata gashin kanti kamar tulu. Na ƙarshe dattijuwa ce cikin sarin alharini ruwan zinariya, da jan baki, da furanni a gashi. A ƙasa an rubuta da Turanci wai a dubi yadda mummuna ta zama sarauniyar kyau. Kafin azahar mata sun cika zauren da tafi. Wata ta rubuta cewa kuɗi ƙare magana. Wata ta ce ai wanka da gyara ba su bar mummuna ba.

Na daɗe ina jin haushin wannan labari, domin ba a zaurenmu aka ƙirƙiro shi ba. Shi ne labarin da mujallun fim na Indiya suka shafe shekara kusan hamsin suna maimaitawa, har suka aro masa laƙabi daga tatsuniyar Turawa ta ɗan agwagwar nan da aka raina don muninsa, ya girma ya zama tsuntsu abin kallo. Labarin yana da daɗin ji, amma ya juya gaskiya kai ƙasa. Wanda ya bi kayan da matar nan ta sa daga 1970 zuwa yau zai ga ba tserewa daga asalinta ta yi ba. Komawa ta yi, a hankali, cikin taurin kai, ga ainihin abin da aka yi mata gori a kansa.

Sunanta na yanka Bhanurekha Ganesan. An haife ta ranar 10 ga Oktoba, 1954 a Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, a kudancin Indiya. Mahaifinta Gemini Ganesan babban jarumi ne a finafinan Tamil, mahaifiyarta Pushpavalli jaruma ce ita ma, amma babu aure a tsakaninsu, kuma uban bai rungume ta a yarinta ba. Talaucin gida ne ya cire ta daga makaranta tana 'yar shekara goma sha uku zuwa sha huɗu ya tura ta gaban kyamara. Da ta isa Bombay ba ta iya Hindi ba. Fim ɗinta na Hindi da ya fara fitowa, *Sawan Bhadon*, ya yi kasuwa a 1970, lokacin tana shekara goma sha biyar zuwa sha shida. Wannan yarinyar ce ake sa hotonta a farkon bidiyon ana dariya.

A dubi hoton nan da kyau, a tambayi kai wa ya zaɓa mata kayan. Yarinya ce da take ciyar da gidansu, a garin da ba ta jin yarensa, a hannun furodusoshi maza da suka haife ta. Gashin kantin nan ba ita ta saya ba, matsattsun rigunan nan ba ita ta kai wa tela ba. Marubucin tarihinta Yasser Usman, a littafinsa na 2016, ya kawo labarin yadda a wurin ɗaukar wani fim, tana shekara goma sha biyar, aka shirya jarumi ya sumbace ta a gaban kyamara ba tare da an sanar da ita ba, ma'aikata suna shewa. Wadda ba a nemi izininta a kan leɓenta ba, wa zai nemi shawararta a kan launin riga? Abin da hoton farko yake nunawa shi ne ɗanɗanon masu kuɗin masana'antar a wancan zamani, da yadda suke ganin ya dace a nannaɗe 'yar talakawa a kai ta kasuwa. Idan akwai muni a hoton, nasu ne.

Gorin da aka yi mata kashi uku ne: baƙa ce, tana da jiki, kuma 'yar kudu ce. Na ukun yana buƙatar bayani ga wanda bai san Indiya ba. Masana'antar Bombay ta masu jin Hindi da Urdu da Punjabi ce, kuma a bakin mutanen arewacin ƙasar kalmar "Madrasi" ta daɗe tana ɗauke da raini ga duk wanda ya fito daga kudu, ko Tamil yake ji ko Telugu ko Kannada. A 1965, shekara biyar kacal kafin fim ɗin farkon, an yi zanga-zanga mai zubar da jini a jihar Madras don ƙin a ƙaƙaba musu Hindi. Ba wai Bombay ba ta karɓar 'yan kudu ba ne. Vyjayanthimala da Waheeda Rehman da Hema Malini duk daga can suka fito, kuma an ɗaga su sama. Amma farare ne. Sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne mace ta zo daga kudu, kudun kuma kada ya bayyana a fatarta. A 1975 kamfanin Hindustan Lever ya fito da man nan na ƙara hasken fata, Fair & Lovely, wanda ya mamaye kasuwa har sai 2020 kunya ta sa aka sauya masa suna. A cikin wannan iska Rekha ta yi ƙuruciyarta.

Ba na musun cewa ta sauya. Daga tsakiyar shekarun 1970 ta rage ƙiba, ta kama yoga, ta gyara cimarta, ta koyi Hindi har ta kai ana yabon lafazinta na Urdu, ta ƙware a kwalliyar fuska har ta koma yi wa kanta. A 1983 ma ta fitar da kaset ɗin bidiyo na motsa jiki. Ba na kuma musun cewa ita da bakinta ta sha faɗa a hirarraki cewa gorin ya yi mata zafi, shi ya sa ta ɗaura ɗamarar gyara kanta. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Amma akwai bambanci tsakanin a tausaya wa yarinyar da aka tsangwama har ta sake siffa, da a tafa wa tsangwamar a ce ga shi ta yi amfani. Bidiyon zaurenmu na biyun yake yi. Darasin da yake koya wa 'yar shekara goma sha biyar da ke kallo a Kano ko Maraɗi shi ne masu gori sun yi gaskiya, maganin kuma yana cikin kwalba. Mu da muka san yadda man bilicin yake cin fatar ƙannenmu, da yadda ake raɗa wa sabuwar jaruma a Kannywood cewa kyamara ta fi son fara, bai kamata a ce mu ne masu tura irin wannan bidiyo da alamar zuciya ba.

Sauyin da ya fi muhimmanci a shekarun nan ba a fata yake ba. Iko ne ya koma hannunta. Daga *Do Anjaane* na 1976 da *Ghar* na 1978 aka fara ɗaukarta a matsayin 'yar wasa ta gaske, kuma daga nan kayan jikinta suka fara magana da murya ɗaya da rawar da take takawa. A *Khubsoorat* na 1980 ga ta da kitso biyu da kaya marasa hayaniya, yarinya mai tsokana da ta hargitsa gidan tsohuwa mai dokoki. A 1981 ta fito a finafinai biyu da suka yi hannun riga a ado. A *Silsila* na Yash Chopra sarin shifon ne mara nauyi, launi ɗaya, gashi a sake. A *Umrao Jaan* na Muzaffar Ali kuwa ta zama mawaƙiyar Lucknow ta ƙarni na 19, cikin dogayen riguna masu nauyin aiki da gwala-gwalai daga goshi har yatsu, rawar da ta kawo mata kyautar ƙasa ta jaruma mafi ƙwarewa. A *Ijaazat* na Gulzar, 1987, sarin auduga ne irin na malamar makaranta. Ko a jere aka kalli finafinan nan huɗu za a ga mace ce da ta fahimci cewa tufa hali ce, kuma ta san wane hali kowane yadi yake ɗauke da shi.

Sai kuma zangon da masu yabonta suke son tsallakewa. Daga *Khoon Bhari Maang* na 1988 zuwa *Madam X* na 1994 da *Khiladiyon Ka Khiladi* na 1996, Rekha ta sa abubuwan da ido ba ya mantawa ko da yana so: rawuna masu ƙyalli, kafaɗu kamar na sulke, huluna, fatu, gashin kanti kala-kala. Wasu sun burge, wasu kuwa, in faɗi gaskiya, sun fi kama da kayan tashe. Ina kawo wannan zango ne saboda masu suka na biyu, waɗanda zan zo kansu. Kafin nan a lura da wani abin dariya mai ɗaci. Labarin *Khoon Bhari Maang* shi ne na mace mara kwalliya da miji ya jefa wa kada, likita ya sake mata fuska, ta dawo kyakkyawa ta ɗau fansa. Wato masana'antar ta ɗauki tatsuniyar da ta ƙirƙira a kan Rekha, ta mayar da ita fim, ta sa Rekha ta taka, ta kuma ba ta kyautar Filmfare a kai.

A 1990 ta auri wani ɗan kasuwa na Delhi, Mukesh Aggarwal. Bayan 'yan watanni ya kashe kansa. Jaridu suka yi mata ca, aka kira ta mayya, wasu abokan sana'arta suka fito suna ɗora mata laifi. A nan ne maganar tufa ta tashi daga ado ta koma wani abu daban. A al'adar Hindu ta gargajiya, matar da mijinta ya mutu ba takaba ta wata huɗu da kwana goma take yi ta fita ba. Ana sa ran ta koma farin zane, ta cire awarwaro, ta goge jan garin nan da matan aure suke sawa a tsagar gashi, wanda suke kira sindur, har ƙarshen rayuwarta. Rekha ta ci gaba da fitowa da jan baki, da zinariya, da alharini mai launi, da sindur a tsagarta. Dama tun a 1980 ta tayar da ƙura da ta halarci bikin Rishi Kapoor da Neetu Singh da sindur a ka alhali ba a san ta da miji ba. Mujallu sun kwashe shekara arba'in suna tambayar don wane namiji take sawa. Tambayar kanta ita ce matsalar. Ba su iya hango mace ta yi ado ba tare da akwai namijin da adon yake nuni gare shi ba.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau ta tsaya a kan kama ɗaya, har ya zama ko daga nesa aka hango an san ita ce: sarin Kanjivaram, riga sau da yawa mai dogon hannu, manyan 'yan kunne, furen yasmin a ɗaurin gashi, ƙaramar jakar zane mai zariya a hannu. Da irin wannan shiga ta saba bayyana a bukukuwan ba da kyaututtuka. Da Kanjivaram ta je bikin nunin kayan Dior da aka yi a Mumbai a watan Maris na 2023, inda taurari da dama suka zo cikin ɗinkin Faransa.

Ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan zane, don a nan hujjata take. Ana saƙa shi a Kanchipuram, garin wuraren bauta da ke jihar Tamil Nadu, tafiyar kilomita saba'in da 'yan kai daga Chennai inda aka haife ta. Zaren alharini ne tsantsa, da wani zare da suke kira zari, wanda a na asali azurfa ce aka yi wa ruwan zinariya, akasari daga Surat ake kawo shi. A saƙar da ake kira korvai, jikin zanen daban, bakinsa daban, kowanne da launinsa da ƙoshiyarsa, sai a riƙa sarƙe su layi bayan layi a kan masaƙa, aikin da yakan buƙaci mutum biyu. Masu sana'ar suna alfahari da cewa ko zanen ya yage, mahaɗar ba ta rabuwa. A bakin ake fitar da surar hasumiyar wurin bauta, da ɗawisu, da mangwaro. Yadi shida ne, yana da nauyi a jiki, ɗaya kan ci kwanaki ko makonni. Shi amaren Tamil suke sawa, shi uwa take ajiye wa 'yarta a akwati. Rekha ta sha danganta shi da mahaifiyarta, wadda ta rasu a 1991.

To a haɗa lissafin. Yarinyar da aka yi wa gorin kudu ta gama zagayenta, ta gwada shifon ɗin Yash Chopra, ta gwada kayan fadar Lucknow, ta gwada rawani da sulke, sannan ta zaɓi ta ƙare rayuwarta ta bainar jama'a cikin tufar da ta fi kowace tufa shelar kudu, da furen da matan Madras suke saye a bakin titi. Kuma Bombay ɗin da ta raina ta ita ce take miƙewa tsaye idan ta shigo. Wannan ne ainihin abin da ya faru tsakanin hoton farko da na ƙarshe, kuma shi ne abin da bidiyon ya ɓoye.

Masu suka na biyu su ne 'yan zamani da suke cewa ta daskare. Kullum sari, kullum zinariya, kullum jan baki, kamar an ajiye ta a gidan tarihi. A bakinsu salo shi ne sauyi, wadda ba ta sauya ba kuma ta tsufa. Ina ganin waɗannan sun ruɗe tsakanin salo da yayi. Yayi kasuwa ce: dole a gamsar da ke cewa kayan bara sun mutu don ki sayi na bana. Taurarin Bollywood na yau akasarinsu suna da ma'aikaci na musamman da yake aro musu kaya daga kamfanoni, su sa na dare ɗaya, a ɗauki hoto, a rubuta sunan kamfanin, a mayar. Kowace fita sabon kama, kuma bayan mako ba mai iya tuna wa ta sa me. Matar da ta sa rawanin *Madam X* ba za a ce ba ta san hanyar kasuwa ba. Ta sani sarai, ta ƙi ne. Ko da mujallar Vogue ta yankin Larabawa ta sa ta a bangonta a 2023, cikin kayan da Manish Malhotra ya tsara, hotunan sun yi tasiri ne domin kowa ya san wace ce a cikin kayan. A 2024 kuma, tana dab da cika saba'in, ta hau dandamalin bikin IIFA a Abu Dhabi ta yi rawa ta fiye da minti ashirin. Idan wannan ce daskarewa, Allah ya ba mu irinta.

Akwai kuma rashin adalcin da ake yi wa mace mai shekaru, wanda mu ma mun san shi. Idan ta bi yayin yara a ce ba ta san girmanta ba. Idan ta koma gefe cikin kaya marasa launi a ce ta kama kanta, sannan a manta da ita. Hema Malini ta samu mafaka a siyasa, wasu sun samu a gidan miji, wasu sun ɓace. Rekha ta yi zaman majalisar dattawan Indiya daga 2012 zuwa 2018 bisa naɗi, kuma gaskiya ba ta yi abin a zo a gani ba a can, an ma soke ta da ƙarancin halarta. Ba a majalisa ta kafa hujjarta ba. Ta kafa ta ne da ƙin yarda cewa shekaru ko mutuwar miji su ne za su zaɓa mata launi.

Suka ɗaya ce nake ganin tana da nauyi, kuma abin mamaki ita ce ba a cika yi ba. Kanjivaram na asali kayan masu hali ne. Wanda yake saƙa shi ba ya iya saya. Gwamnatin Indiya ta yi doka a 1985 da ta keɓe wasu kayayyaki ga masaƙan hannu, ta kuma yi wa zanen Kanchipuram rajistar asalin wuri a tsakiyar shekarun 2000, duk da haka kasuwa cike take da na inji da zarin jabu da ake sayarwa da sunansa, 'ya'yan masaƙa kuma suna barin sana'ar suna neman aiki a masana'antu. Duk wanda ya taɓa ratsa Kantin Kwari ya ga yadda atamfar Sin ta kori ta Kaduna zai gane ciwon ba sai an yi masa dogon bayani ba. Rekha ta yi wa zanen talla da babu kamfanin da zai iya biya, wannan gaskiya ne, amare da yawa a arewacin Indiya saboda ita suka san shi. Amma a ƙarƙashin hotunanta ana rubuta sunan mai tsara kaya, da mai ɗaukar hoto, da mai gyaran gashi. Da wuya a ga sunan mutumin da ya zauna a ramin masaƙa mako biyu yana jefa ƙoshiya. Idan ana neman abin tuhuma a adon Rekha, ga shi nan, kuma tuhumar ta fi hawa kan mujallun da masu shagunan fiye da kanta.

Wanda yake son ganin wannan ɓangare sai ya nemi fim ɗin Tamil mai suna *Kanchivaram*, na Priyadarshan, wanda ya fito a 2008 ya kuma lashe kyautar ƙasa ta fim mafi kyau. Prakash Raj ne ya fito a matsayin masaƙi a Kanchipuram na shekarun 1940, wanda ya yi alkawari ranar da aka haifi 'yarsa cewa cikin alharini zai aurar da ita. Garin ya yi masa dariya, domin masaƙi bai taɓa sa abin da yake saƙawa ba. Ya shekara da shekaru yana ɓoye zare a bakinsa idan zai fita daga wurin aiki, yana saƙa zanen a ɓoye da dare. Asirinsa ya tonu kafin ya gama, aka ɗaure shi. Yarinyar ba ta kai ga ɗakin miji ba. A ƙarshen fim ɗin ya ɗauko guntun da ya samu ya saƙa zai lulluɓe gawarta, idan ya ja ya rufe fuska sai ƙafafu su fito, idan ya rufe ƙafafu sai fuskar ta bayyana.